Hannun da Ya Rage wa Auta

Akwai wani direban tirela da ya yi shekara talatin da ɗaya a kan hanya bai taɓa kifar da kaya ba. Kowa Direba yake ce masa, har matarsa kafin ta rasu. Mutum ne mai sauri. Shayi ma a tsaye yake shansa, kuma in kana ba shi labari, kafin ka kai tsakiya ya ƙarasa maka.

Ƙane ɗaya gare shi, autan ɗakinsu, mai gyaran waya. Shekararsa arba'in da biyu, amma har yau Auta ake kiransa. Matar Auta malamar makaranta ce. Ta shekara goma sha huɗu a gidan, Direba bai daina ce mata Amarya ba.

Wata Talata da hantsi aka tsinci Auta a ƙarƙashin teburin shagonsa, bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama ta zama kaya, magana kuma sai ɗaya-ɗaya, kamar ana jawo ta daga rijiya.

Direba ya ajiye makullin mota, ya kwaso kayansa ya tare a ɗakin baƙi na gidan ƙanensa. Mutane suka yi ta sa masa albarka.

Shi dai bai ji komai ba. Bai yi kuka a asibiti ba, bai yi a gida ba. Ya saurari abin ya zo masa, bai zo ba, sai ya daina sauraro. Abinci ba ya masa daɗi, ba ya masa ɗaci. Ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Sai ya ɗauki jinya kamar lodin kaya. Ƙarfe bakwai wanka. Bakwai da kwata sa riga, shi yake cusa hannuwan, shi yake ɓalla maɓallan. Bakwai da rabi shayi da burodi, cokali na bin cokali, kafin Auta ya haɗiye na farko na biyu ya iso baki. In Auta ya buɗe baki ya ce "ru...", Direba ya riga ya miƙo kofi. In ya ce "ta...", an riga an buɗe taga.

Ba a taɓa samun Auta da datti ba, ba a taɓa makara da maganinsa ba. Wannan kam a ba Direba haƙƙinsa.

Likitar motsa jiki tana zuwa Litinin da Alhamis. Tun watan farko ta ce a riƙa sa wa Auta cokali a hannun hagu, ya ci da kansa, ko da rabin abincin zai zube.

Direba ya ce, "Likita, in na bar shi, shayin safe sai azahar."

Ta ce to ya kai azahar ɗin mana, ina za shi? Hannun da ba a ba shi aiki, shi ma bin ɗan'uwansa zai yi.

Direba ya ce to. Ya gwada sau ɗaya. Da ya ga shayi na bin haɓar ƙanensa yana sauka kan rigar da ya goge, sai ya karɓe cokalin.

A wata na biyar Auta ya juya fuska ga bango. Ya daina ƙoƙarin magana. In an kawo cokali sai ya datse haƙora. Wata rana ya karɓi uku, wata rana biyu. Ƙasusuwan wuyansa suka fito.

Ran wata Alhamis likitar ta tsayar da Direba da Amarya a bakin ƙofa, ta rage murya. Ta ce jininsa ya daidaita, zuciyarsa lafiya lau, amma mutumin ya sallama. In ba a sami abin da zai sa ya so wayewar gari ba, to ba ciwon ne zai tafi da shi ba.

Amarya ta toshe baki da gefen mayafinta. Direba ya duba agogo, ya ga lokacin magani ya yi, ya koma ciki.

Ranar Asabar Amarya tana kakkaɓe saman wadirob, sai wata baƙar jaka ta zamo ta faɗo. Zif ɗin ya buɗe.

Ɗan jirgin nan ne marar matuƙi, wanda ake ce wa diron. Girmansa bai wuce faranti ba, farfela huɗu, da ƙaramar kyamara a ƙarƙashin hancinsa. A lalace Auta ya same shi, ya yi wata uku yana gyara shi da hannunsa. Kafin ciwon, duk Asabar yakan je bakin madatsar ruwa ya tashe shi. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai. Amarya Sauro take ce masa, saboda kukansa.

Da jin ƙarar faɗuwar jakar, Auta ya juyo da kai daga bango. Rabonsa da haka sati uku. Ya kafa wa jirgin ido. Babban yatsansa na hagu ya motsa a kan zanen gado, sama, ƙasa, sama.

Amarya ta ga yatsan. Direba idon kawai ya gani.

Nan take ya yanke shawara. Zai koyi tashin abin nan, ya kai Auta bakin ruwa, ya tashe shi ya gani.

Amarya ta ce, "Yaya, ga mai abin a kwance. Ka tambaye shi mana."

Ya ce wanda kalmar ruwa ke ɗaukarsa minti guda, yaushe zai gama koya masa jirgi? Kuma mutumin da ya juya tirela mai taya goma sha takwas a lungun kasuwa, abin wasa ne zai gagare shi?

A gaban Auta ya faɗi haka. Ya riga ya saba magana a kansa kamar ba ya ɗakin.

A cikin jakar akwai rimot, batir biyu, farfela na canji, da wani ɗan littafi da Auta ya cika da ƙananan rubutunsa. Direba ya karanta shafin farko, ya tsallake na biyu, ya kunna jirgin a tsakiyar falo.

Sauro ya yi tsalle, ya karkata, ya shige labule. Farfela ta naɗe yadin, ƙarfen labulen ya sauko da komai.

Amarya ta leƙo daga kicin ta ce, "Direba, yau dai ka kifar da kaya."

Bai yi dariya ba, bai ji haushi ba. Ya warware labulen, ya mayar da ƙarfen, ya koma shafi na biyu, inda aka rubuta cewa ba a koyo a cikin ɗaki.

Daga nan kullum in Amarya ta dawo daga makaranta, sai ya saɓa jakar ya tafi wani fili da ke bayan tsohon sito. Babu kowa a wurin sai ciyawa da turakun wuta biyu.

Rimot ɗin tsinke biyu gare shi. Na hagu shi ke ɗaga jirgi sama, ya sauke shi, ya kuma juya hancinsa. Na dama shi ke kai shi gaba da baya da gefe. A tsakiya ake maƙala waya, tana nuna abin da kyamara ke gani.

Abin da ya fi ba Direba wuya shi ne, in jirgin ya juyo yana kallonka, damarka ta zama hagunsa. Ka ce ya yi nan, ya yi can. Haka ya kai shi ya gwara da turken wuta a kwana na biyu, ya canza farfela ɗaya. Hannun da ya saba da sitiyari mai nauyi, sai da ya koyi cewa nan ɗan shafawa ake yi.

Littafin ya ce mai koyo ya yi kwana goma yana tsayar da jirgi daidai ƙirjinsa, yana sauke shi a kan kwali, kada ya wuce haka. Direba ya yi kwana uku, ya ce ya isa.

Akwai kuma wani layi da Auta ya ja wa layi biyu a ƙasa: kada ka tashi sai fitilar bayan jirgi ta daina ja ta koma kore.

Ya ma rubuta dalili. Jirgin yana buƙatar ɗan lokaci ya nemi taurarin ɗan'adam ya gane inda yake tsaye, ya riƙe wurin a matsayin gida. In batir ya yi ƙasa, ko aka danna maɓallin komawa gida, wannan wurin zai nufa da kansa ya sauka. In ka tashe shi kafin fitilar ta yi kore, duk inda ya farga a sama, nan ne gidansa.

Jiran ba shi da yawa. Wata rana rabin minti, wata rana biyu. Direba ya jira a ranar farko, ya jira a ta biyu. A ta huɗu fitilar ta yi ta ƙifta ja, ya gaji da tsayuwa, ya tura tsinke. Jirgi ya tashi lafiya, ya sauka lafiya. Kashegari ma haka.

Ya ce a ransa, Auta ke nan, tun yana ƙarami sai ya wanke hannu sau biyu kafin ya ci abinci.

Abin da bai lura ba shi ne, a filin nan bai taɓa yin nisa ba, bai taɓa barin batir ya yi ƙasa ba, kuma da hannunsa yake saukewa. Bai taɓa tambayar jirgin ina ne gidansa ba.

Sati uku yana wannan. Ya iya zagaye, ya iya tsayawa cak a sama. Ranar da ya fara ganin kansa a fuskar waya, wani ɗan tsoho mai sanƙo tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, ya kalla ya kawar da kai. Ko a nan bai ji komai ba. Aiki ne aka ba shi, yana yi.

Duk yamma in ya dawo, idon Auta na kan jakar. Yakan buɗe baki, leɓensa na rawa, ya ce, "Ba..."

"Batir? Na sa a caji."

Sai Auta ya rufe baki. Abincin dai bai ƙaru ba. Cokali uku, cokali biyu.

Ranar Asabar ta huɗu da safe Direba ya ari motar maƙwabci. Ya ɗauki Auta kamar buhun da ba a cika ba, ya sa shi a gaba, ya naɗe keken marasa lafiya ya sa a but. Amarya ta shiga baya da jakar a cinyarta.

Bakin madatsar fili ne mai tsakuwa, ya gangara zuwa laka, daga laka sai ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Gari ya yi lumshi, babu iska sosai.

Mai gadin wurin, wani dattijo mai haƙori ɗaya a gaba, yana ganin Auta ya taso. Ya riƙe hannunsa na hagu da hannu biyu, ya ce Injiniya kwana da yawa, ya ce tun da ya daina zuwa wurin ya yi shiru, har kifaye suna tambaya. Sannan ya dubi Direba sama da ƙasa.

"Kai ne sabon matuƙin? Wa ya ba ka lasisi?"

Direba ya ce lasisinsa ya girmi wasu a wurin nan.

Masunta biyu suka bar ragarsu suka matso. Wasu masu yawon shan iska su ma suka tsaya. Direba ya shimfiɗa kwali, ya ɗora jirgin, ya maƙala waya, ya kunna.

Fitila ta fara ƙifta ja.

Aka tsaya ana kallo. Ja. Ja. Mai gadi ya nuna wani dutse ya ce a nan Injiniya yake zama ya jira ta, har su yi hira. Ɗaya daga cikin masuntan ya ce ko dai abin ya mutu ne, a kawo masa ruwa?

Aka yi dariya. Direba ya ɗora yatsu a kan tsinke.

Sai ya ji an riƙe masa gefen riga. Auta ne, da hannun hagu. Ya saki rigar, ya nuna fitilar da yatsa, ya girgiza kai.

Kada wani ya ce Direba bai gane ba. Ya gane sarai.

Ya ce, "Na sani, na sani. Na sha yi." Ya kama hannun ya mayar masa kan cinya, ya ɗan bubbuga shi kamar yadda ake lallashin jariri.

Sauro ya tashi da kukansa. Direba ya miƙa shi kai tsaye saman ruwa. Can da ya yi nisa wayar ta yi ɗan ƙara, wani rubutu ya fito ya ɓace. Bai karanta ba. Jirgin ne ke sanar da shi cewa ya sami gida.

Ya zagaya da shi, ya ɗaga shi har ya zama ɗigo, ya sauko da shi ya bi saman kwalekwalen masunta. Mutane suka taru a kafaɗarsa suna leƙen waya, wannan ya ce ga bukkarsa, wancan ya ce ashe haka ruwan yake da faɗi.

Amarya ta matso ta ce a hankali, "Yaya, wanda aka kawo don ya gani fa, bayanka kawai yake kallo."

Gaskiya ta faɗa. Direba a tsaye yake, waya a daidai ƙirjinsa, mutane sun kewaye shi. Auta yana zaune a keke a bayansu, ba ya ganin waya, ba ya ganin jirgi.

Direba ya ce yanzu, bari ya ƙara zagaye ɗaya.

Bai gama zagayen ba rimot ya fara kuka. Alamar batir ta koma ja. Direba bai damu ba, ya san abin yi. Ya danna maɓallin komawa gida, ya sauke hannuwa, ya ce wa mutane su kalla, da kansa zai dawo kan kwalin nan.

Jirgin ya juya. Ya yi tafiya kaɗan, ba wajensu ba. Ya tsaya a saman ruwa, nesa da gaɓa kamar tsawon filin ƙwallo biyu. Sannan ya fara sauka.

Masunci ya ce, "Malam, can ne kwalin naka?"

Ba wanda ya yi dariya.

Direba ya taɓa tsinken dama, jirgin ya yi gefe. Ya taɓa kuma, ya ƙara nisa. Daga nan ba a gane ina hanci ina baya. Wayar ba ta nuna komai sai ruwa, ruwan yana ƙara girma.

Sai ya daina. Ya tsaya da rimot a hannu yana kallo. Zuciyarsa ba ta buga da ƙarfi ba, gumi bai karyo masa ba. Abin da ya zo masa kawai shi ne, to, wannan ma ya tafi. Har ya fara lissafin yadda zai naɗe keke, ya mayar da motar maƙwabci, ya ba da maganin ƙarfe goma sha biyu. Ya san Auta zai koma ga bango, kuma ya san wannan karon ba zai juyo ba. Ya san duk wannan kamar yadda ake sanin lambar mota.

Aka fizgi rigarsa, har maɓalli ya tsinke.

Bai san akwai sauran ƙarfi haka a hannun nan ba. Ya durƙusa a gefen keken, gwiwa a kan tsakuwa, rimot ya zo daidai cinyar Auta. Auta ya kai babban yatsansa kan tsinken hagu.

Yatsan Direba yana wurin.

Auta bai ture shi ba. Ya dube shi kawai.

Direba ya janye yatsansa. A wata bakwai, wannan ne karo na farko da ya janye hannu daga wani abu ya bar wa ƙanensa bai sake karɓewa ba.

Auta ya tura tsinken sama. Can a kan ruwa, jirgin da ya rage kamar tsayin mutum ya taɓa ruwan, ya tsaya. Ya ɗan ɗaga. Rimot na ta kuka.

Direba ya kai yatsa kan tsinken dama zai ja. Auta ya yi wani gurnani a maƙogwaro, ya girgiza kai. Ya fara karkata nasa tsinken gefe, kaɗan-kaɗan, ba tare da ya sake shi ya sauko ba. Yana juya hancin jirgin ne. Idonsa na kan waya.

Yatsan yana rawa. Wata bakwai ba a ba shi aikin komai ba. Hoton ya juya, ya wuce, ya dawo. Ruwa, ruwa, bishiyoyin tsallake, ruwa.

Direba ya ga lambar batir tana sauka. Duk jikinsa yana ce masa ya karɓe. Ya san zai fi sauri. Ya kuma san bai san inda zai juya ba. Ya cije leɓe, ya bar yatsansa a saman tsinke bai taɓa ba.

Amarya ta riƙe hannun keke.

Sai gaɓa ta shigo hoton. Ga mota, ga dutsen mai gadi, ga wasu 'yan mutane cirko-cirko, ga keke, ga wani durƙushe kusa da shi. Hancin jirgin ya kalle su sosai. Yatsan Auta ya tsaya.

Ya buɗe baki. Leɓen ya yi ta kokawa.

"Tu... ra."

Direba ya tura tsinken dama gaba, a hankali, ya riƙe.

Ɗigon ya fara girma. Kukan Sauro ya fara isowa kunne. Auta na riƙe da shi a sama, Direba na kawo shi, jirgin yana ƙara yin ƙasa duk da haka, don ƙarfinsa ya ƙare. Ya wuce kwalekwale. Ya wuce ciyawar bakin ruwa, iskar farfelarsa tana tona ruwan.

Bai kai kwali ba. Taku uku daga ruwa farfelun suka mutu, ya faɗi da hanci a cikin laka, a kan wani dutse.

Mai gadi ya tashi zai ɗauko, Direba ya ce ya bari. Ya shiga lakar da takalminsa. Sanyinta ya ratsa safa ya kama ƙafarsa, kuma ya ji shi. Ya tsaya ɗan lokaci yana jin sanyin nan.

Farfela biyu sun karye. Kyamarar ta fashe, tana reto a jikin siririyar waya. Ya goge jirgin da gefen rigarsa, ya kawo ya ɗora a cinyar Auta, ya sake durƙusawa.

Auta ya juya jirgin da hannu ɗaya. Ya duba ƙasa, ya latsa ƙafafun, ya ɗaga kyamarar da farce ya sake ta. Duban mai gyara ne, ba na majinyaci ba. Sannan ya ɗago kai.

"Ya... ya."

Direba ya ce na'am.

"Ba..."

Bakin Direba ya buɗe da kansa. Batir ya zo masa har kan harshe. Ya haɗiye shi.

"Ba... ka..."

Amarya ta sunkuyo. Mai gadi ya matso da kunne. Maganar ta tsaya, ta dawo, ta sake tsayawa. Yawu ya gangaro ta gefen bakin, Direba bai kai hannu ya goge ba. Tun daga kalma ta uku ya san inda aka nufa, amma ya zauna a kan dugadugansa ya jira ta har ƙarshe.

"Ba ka... iya... tuƙi... ba."

Mai gadi ne ya fara fashewa, haƙorinsa ɗaya a waje. Amarya ta yi dariya har ta zauna a kan tsakuwa, dariyar ta koma wani abu dabam, ta rufe fuska. Rabin bakin Auta mai motsi ya ɗaga sama.

Direba ya ce, "Shekara talatin da ɗaya."

Auta ya ɗaga kafaɗar hagu.

Da suka koma gida, maganin ƙarfe goma sha biyu ya makara da kusan awa guda, ba kuma abin da ya faru. Amarya ta zubo shinkafa da miya. Direba ya jawo kujera kamar kullum, ya ɗauki cokali, ya tsaya. Sannan ya sa shi a hannun hagun Auta, ya zauna a kan tafukan hannunsa biyu don kada su yi masa gardama.

Cokalin farko ya zube a cinya. Na biyu ya bugi haɓa. Na uku ya shiga.

An yi minti arba'in ana cin abincin nan. Rabi ya tafi ƙasa, riga ta ɓaci, shinkafar ta huce. Auta ya ci cokali goma sha ɗaya, Amarya ce ta ƙirga. Wajen na bakwai ta lura ruwa yana sauka daga idon Direba yana ɗiga a gwiwarsa, shi kuma bai share ba, don hannuwansa suna ƙarƙashinsa. Ta yi kamar ba ta gani ba.

Kada ku tambaye ni ko hannun dama ya dawo. Bai dawo ba. Kyamarar ma ba ta gyaru ba, Sauro ya makance har yau. Amma farfelun an canza su a kan teburin falo, Direba na riƙe jirgin, Auta na murɗa sukurdireba, aikin minti biyar ya ci musu yamma guda.

Duk Asabar suna bakin ruwa. Rimot ɗaya a kan cinyar Auta, hagu nasa, dama na yayansa. Tun da babu abin kallo a waya, sama suke kallo. Kafin su tashi kuwa, Direba yana zama a kan dutsen nan da Auta yake zama a da, fitila tana ƙifta ja, mai gadi yana tsokanarsa da maganar lasisi, shi kuma ba ya taɓa komai sai Auta ya ɗaga kai ya ba shi izini.

Darasi: Ba duk hidima ba ce taimako. Kana iya wanke mutum, ka ciyar da shi, ka ƙarasa masa magana, mutane na yabonka, alhali kana karɓe ɗan abin da ciwo ya rage masa ne don kai ba ka iya jira ba. In kana da majinyaci, ko tsoho, ko mai nauyin baki a gidanka, ka bar masa abin da zai iya, ka zauna a kan hannunka, ka saurare shi har ya kai ƙarshe, ko da abin da zai faɗa ba zai yi maka daɗi ba. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana jinya, musamman wanda ya fi kowa ƙoƙari, don shi ne ba a iya gaya wa.